Amanar Da Masu Bincike Ke Ɗauka Daga Zangon Agege

Daga Wakilinmu a Ikko

Cikin garuruwan Kurmi, kaɗan ne waɗanda sunansu ya zauna a bakin Bahaushe kamar Agege. Fiye da shekara 100 ke nan Hausawa suna zaune a wannan gari da ke arewa da birnin Ikko. Sun kafa zango, sun gina masallatai da makarantun allo, sun naɗa sarakunansu, sun kuma haifi 'ya'ya da jikoki waɗanda Hausa da Yarabanci duk ɗaya ne a bakinsu. Saboda haka ba abin mamaki ba ne ganin yadda ɗaliban jami'o'i da malamansu, na gida da na ƙetare, suke yin sallama a zaurukan dattawan zango a kai a kai, suna neman a ba su tarihin kafuwar wurin, ko yadda ake cinikin goro da shanu, ko yadda ake zaman tare da Yarabawa.

Dattawan kuwa ba su da rowa. A shimfiɗa wa baƙo tabarma, a ba shi ruwa da goro, a buɗe masa ciki, wani lokaci har a shiga ɗaka a ɗauko masa tsohuwar wasiƙar ajami ko littafin bashin mahaifi ya ɗauki hoto. Baƙo ya yi godiya ya tafi, ya rubuta kundinsa, a ba shi digiri. To, tambayar da ba a cika yi ba ita ce, bayan an ɗinke kundi an jera shi a kanta, ina muryoyin nan da hotunan nan suke kwana? Wa ke riƙe da su? In jikan dattijon ya bukaci jin muryar kakansa bayan shekara 30, ina zai dosa? Wannan shi ne batun da masana suke kira kula da bayanan bincike, kuma ya shafi mutumin zango fiye da yadda yake zato.

HATSI DA TUWO

Abin da ake nufi da bayanan bincike shi ne duk ɗanyen kayan da mai bincike ya tattara kafin ya zauna rubutu, wato hirarrakin da ya naɗa a kaset ko a waya, da takardun tambayoyi da jama'a suka amsa, da alƙaluman da ya ƙirga, da hotuna, da taswirori, da kwafen takardun kotu da na hukuma, har da ɗan littafin da yake rubuta abin da idonsa ya gani. Littafin da ya wallafa daga baya tuwo ne, waɗannan kuwa su ne hatsin da ke cikin rumbu. Sau da yawa malami zai yi hirar awa biyu da dattijo, amma abin da zai shiga littafinsa bai wuce layi uku ba, domin iyakar abin da ya kawo shi ke nan. Sauran maganar, wadda ƙila ta ƙunshi sunayen unguwanni da salsalar gidaje da farashin kaya da karin harshen mutanen wancan zamani, tana nan kwance tana jiran wani da zai zo da tasa tambayar dabam. In rumbun ya rushe, na baya ba shi da abin dakawa, ba shi kuma da hanyar tabbatar da ko na farkon ya faɗi daidai.

A da can ƙarancin kayan aiki ne ke damun masu bincike, domin kaset tsada gare shi, fim ɗin hoto kuma ƙidaye yake. Yau kuwa yawa ne ya zama matsala. Ɗalibi guda da wayar hannu yana iya komawa makaranta da hotuna dubbai da hirarrakin da sai ya yi makonni yana saurare. Daɗin daɗawa, ilmin tarihi da na zamantakewa sun shiga zamanin da ake zuba bayanai masu ɗimbin yawa cikin kwamfuta ta tace su. Misali shi ne rumbun nan da ake kira SlaveVoyages, wanda ya fara fitowa a faifan kwamfuta a 1999, aka ɗora shi a intanet a 2008. Ya ƙunshi bayanin tafiye-tafiyen jiragen ruwa kimanin 36,000 da suka yi jigilar bayi daga Afirka zuwa ƙetaren teku. Ba mutum ɗaya ya tara wannan ba. Kowane malami ya kawo abin da ya tono a ma'ajiyar Ingila ko Faransa ko Fotugal ko Birazil, aka jera su bisa tsari guda. Da kowa ya bar nasa a ƙarƙashin gado, da wannan aiki bai yiwu ba.

YADDA GORO YA KAFA ZANGO

Kafin mai karatu ya gane nauyin abin da ke hannun Hausawan Agege, sai an waiwayi yadda aka yi suka zo, tun da waiwaye adon tafiya ne. A ƙarni na 19 fataken Hausa Gwanja suke zuwa sayen goro, ayari guda a ƙarƙashin madugu, su yi watanni a hanya kafin su isa kasuwar Salaga da ke ƙasar Gana ta yanzu. Bayan da Turawan Ingila suka ci Ashanti da yaƙi a 1874, kasuwar Salaga ta fara ja da baya, goro ya koma bin jirgin ruwa zuwa Ikko. Sai kuma ga hanyar jirgin ƙasa, wadda aka buɗe daga Ikko zuwa Badun a 1901, ta ratsa ta Agege, ta isa Kano a 1911, aka buɗe ta ga jama'a a 1912.

A daidai wannan lokaci ne wasu attajiran Ikko, irin su Jacob Kehinde Coker, suka buɗe manyan gonaki a Agege, har suka kafa ƙungiyar manoma a 1907. Koko suka fi shukawa da farko, daga baya irin goron nan na Gwanja ya karɓi ƙasar, shi ne Yarabawa suke kira gbanja har gobe. Gona ga ta, tasha ga ta, sai Bahaushe ya sauke kaya ya zauna. Shanu su gangaro daga Arewa, huhunan goro su hau wagunu su nufi Kano da sauran birane. Fatoma shi ke saukar da baƙo ya tsaya masa, dillali ya haɗa ciniki ya karɓi la'adarsa, dukiya mai yawa tana yawo bisa amana da bashi.

Irin wannan ciniki yana haifar da takardu: wasiƙun ajami tsakanin maigida a Kurmi da abokin cinikinsa a Arewa, littattafan bashi, takardun lodi na Reluwe, takardun sayen fili, hotunan naɗin sarauta da na dawowa daga aikin Hajji. Waɗannan ba a ma'ajiyar gwamnati suke ba, a cikin adaka suke, a gidajen magada. Gaskiya ne Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Badun, wadda Dakta Kenneth Dike ya assasa a 1954, tana riƙe da fayilolin Gundumar Ikeja, wadda Agege take ƙarƙashinta a zamanin Turawa. Amma fayil ɗin Bature abin da ya dami Bature yake ɗauke da shi, wato haraji da tsaftar gari da rigingimu. Yadda mutane suka rayu, wannan sai a bakinsu da adakarsu.

WAƊANDA SUKA RIGA SUKA ƊIBA

Masana da yawa sun sha daga wannan rijiya. Abner Cohen ya zauna a Sabon Badun daga 1962 zuwa 1963, ya ƙirga mutanen unguwar ya sami dubu huɗu da 'yan kai, ya kuma bayyana yadda fatomomi da ɗariƙar Tijjaniyya suka riƙe cinikin goro da shanu, a littafinsa da ya fito a 1969. Babatunde Agiri ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Wisconsin ta Amurka a 1972 kan tarihin goro a ƙasar Yarabawa. Adrian Peace ya zauna a Agege a farkon shekarun 1970 yana nazarin ma'aikatan masana'antun Ikeja. Marigayi Shaihun Malami Mahdi Adamu ya wallafa littafinsa kan bazuwar Hausawa a Afirka ta Yamma a 1978. A 2008 kuma Abdulwahab Tijani ya fitar da maƙala kan Hausawan Agege daga 1906 zuwa 1967. Bayan waɗannan akwai kundayen ɗalibai masu yawa a ɗakunan karatun jami'o'inmu. Kowane ɗaya daga cikinsu yana da rumbun da ya ɗebo hatsinsa, kuma rumbun nan shi ne abin da ya kamata a riƙa tambayar lafiyarsa.

DARASIN FANISAU

Gani ya kori ji, don haka ga misalin abin da kyakkyawar ajiya take haifarwa. Paul Lovejoy, wanda ya yi hira da tsofaffin fataken goro a Kano a 1969 da 1970, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, ya dawo Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, inda shi da Jan Hogendorn suka jagoranci wani shirin tattara tarihin tattalin arziki a 1975 da 1976. An tura matasa da rikoda cikin garuruwa da ƙauyuka suna naɗar muryoyin dattawa. Ɗaya daga cikinsu, Yusufu Yunusa, ya yi hirarraki a Kano da Fanisau kan gandayen sarki da rayuwar bayin da suka yi noma a cikinsu. Ba a bar kasakasan a hannun mutum ɗaya ba. An ajiye su a sashen binciken tarihin Arewa na jami'ar, an kuma sami kwafe a Jami'ar York da ke Toronto a ƙasar Kanada.

Bayan fiye da shekara 30, sai ga wani ɗan Nijeriya, Mohammed Bashir Salau, ya koma kan waɗannan muryoyi, ya haɗa su da takardun ma'ajiya, ya fitar da littafi sukutum kan Fanisau a 2011. Dattawan da aka yi hira da su a 1975 sun ga zamanin da ake labari ko sun ji daga bakin iyayensu, irinsu kuwa ba a sake samu. Ashe da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in an rufe tulun da kyau. Tun kafin wannan ma an ga haka ga tatsuniyoyi da labarun da Frank Edgar ya buga cikin littattafai uku tsakanin 1911 da 1913, waɗanda rubutun ajamin da malamai suka yi masa yake ajiye a ma'ajiyar Kaduna.

MAƘIYAN AJIYA

Maƙiyan bayanai suna da yawa, kuma Ikko ta tara kusan dukkansu. Laimar teku tana sa takarda ta yi fumfuna, kaset ya manne. Ga gara, ga ɓera, ga ambaliyar damina, ga rushe-rushen da ake yi don faɗaɗa hanya, kamar yadda aka gani lokacin gina gadar Pen Cinema da aka buɗe a 2021. Gobara kuma ba ta barin na gida balle na waje. A watan Oktoba na 2016 wuta ta ci ɗakin karatun Jami'ar Jos. A 2018 ta cinye gidan tarihin ƙasar Birazil, har da muryoyin wasu harsuna da aka naɗa waɗanda masu jin su sun ƙare. A 2021 ta faɗa wa sashen nazarin Afirka na ɗakin karatun Jami'ar Cape Town.

Akwai kuma maƙiyin da ba ya ƙara, wato tsufan na'ura. A 2019 hukumar UNESCO da ƙungiyar ma'ajiyoyin sauti ta duniya sun yi gargaɗi cewa injunan sauraron kaset da kayan gyaransu suna ƙarewa, kuma wajen 2025 zai yi wuya a ci gaba da juyar da abin da ke cikin kasakasai. Wannan wa'adi ya riga ya cika. Kada kuma wani ya ce ai yanzu kome yana cikin waya. Waya takan faɗa ruwa, akan sace ta a cikin mota, ɗan katin ajiya yakan mutu ba sallama, saƙon murya na WhatsApp yakan tafi ranar da aka sake waya. Wani nazari da aka buga a 2014, wanda ya bi sawun maƙaloli 516 na ilmin halittu, ya gano cewa damar samun ɗanyen bayanan maƙala tana raguwa da kashi 17 cikin 100 a kowace shekara. In haka abin yake ga masu ɗakunan gwaji, ina ga ɗalibin da duk dukiyar bincikensa tana aljihunsa?

DABARAR DAUSHE

Abin sha'awa shi ne, ƙa'idojin da masana suka shimfiɗa ba baƙi ba ne ga ɗan goro. Wanda ya san yadda ake ajiye goro har ya zama daushe ya riga ya san rabin karatun. Na farko, ba a ɗora huhu a jirgi sai da shaidar mai shi a jiki, in ba haka ba ya ɓace a tasha. Haka kowace hira take bukatar shaida: wa ya yi magana, wa ya tambaye shi, a wace unguwa, ran nawa ga wata, da wane harshe, a kan wane batu. Muryar da ba ta da wannan shaida ta zama huhun da ba mai shi. Na biyu, ba a ɗaure goro a manta da shi. Sai an riƙa kwancewa ana dubawa, a tsince mai sankara, a sake ganye. Haka bayanan kwamfuta suke, sai an riƙa buɗe su, ana juyar da su daga tsohuwar ma'ajiya zuwa sabuwa. Na uku, mai hankali ba ya zuba dukiyarsa duka a wagunu ɗaya. Ƙa'idar da aka sani ita ce kwafi uku, a cikin ma'aji iri biyu, ɗaya kuma a wani gari dabam.

Ƙasashen da suka ɗauki abin da muhimmanci sun mai da shi sharaɗi. Ingila ta kafa ma'ajiyar bayanan zamantakewa a Jami'ar Essex tun 1967, kuma hukumar da ke ba da kuɗin irin wannan bincike a can takan wajabta wa malami ya miƙa bayanansa in ya gama. Tun 2011 Hukumar Kimiyya ta Amurka ba ta duba takardar neman kuɗin bincike sai da bayanin yadda za a adana abin da aka tara. A 2016 masana suka fitar da ƙa'idoji huɗu da ake kira FAIR, waɗanda suka ce bayanai su zama ana iya gano inda suke, ana iya kai wa gare su, suna iya haɗuwa da na wasu, ana kuma iya sake aiki da su.

BA KOWACE MAGANA AKE SHANYAWA BA

To amma fa magana zarar bunu ce. Dattijon da ya saki jiki ya faɗi asalin wani gida, ko bashin da ya karya wani attajiri, ko yadda aka yi wani fili ya sake hannu, bai faɗa don a watsa wa duniya ba. Saboda haka wajibi ne tun kafin a kunna rikoda a gaya masa da harshen da yake ji inda za a kai muryarsa, da wanda zai saurara, a kuma ba shi zaɓi ko a sakaya sunansa, ko a rufe hirar sai bayan wasu shekaru. Kada kuma a yi masa alkawarin da ba a iya cikawa. Wata jami'a a birnin Boston ta naɗi hirarraki da tsofaffin mayaƙan Ailan ta Arewa bisa alkawarin ba mai ji sai bayan ransu, amma daga 2011 hukumomin Birtaniya suka bi ta kotunan Amurka har suka karɓe wasu daga ciki.

A nan gida, dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023 ta sa ƙabilar mutum da addininsa da lafiyarsa cikin bayanan da ke bukatar tsaro na musamman. A duniya kuma, tun 2019 wasu masana suka fito da ƙa'idojin da ake kira CARE, waɗanda suka ce jama'ar da aka ɗebo bayani daga gare su suna da iko a kansa, kuma dole amfaninsa ya komo gare su.

ABIN DA YA SHAFI MUTUMIN ZANGO

Wani zai ce wannan ai damuwar 'yan boko ce. Ko kusa. Ƙidayar jama'a ta 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Agege mutum kimanin 460,000, amma ba ta tambayi kowa ƙabilarsa ko addininsa ba. Jihar Ikko ma ba ta yarda da miliyan 9 da aka ba ta ba, ta ce mutanenta sun haura miliyan 17. Ke nan duk wanda ke son sanin yawan Hausawan zango, da sana'o'insu, da yawan 'ya'yansu da ke makaranta, sai ya koma ga abin da masu bincike suka tara. Da irin waɗannan alƙaluma ake neman asibiti da makaranta da wakilci.

Haka kuma duk ranar da zama ya yi tsami, kamar rikicin Idi-Araba na watan Fabrairu 2002 ko na kasuwar Mile 12 na watan Maris 2016, maganar da ke tasowa ita ce wane ne baƙo, wane ne ɗan gari. A irin wannan rana takarda da murya su ne shaidu. An san cewa tun 1863 John Glover ya kafa rundunar Hausawa a Ikko, wadda ake ɗauka tushen sojan Nijeriya, don kuwa an rubuta an ajiye. Hirar da aka adana tana iya nuna wanda ya ba da fili, da wanda ya karɓa, da auratayya da maƙwabtakar da ta haɗa Bahaushe da Bayarabe shekara da shekaru. Wannan maganin masu hura wuta ne.

ABIN YI

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Jami'o'inmu, tun daga na Akoka da Ojo har zuwa Bayero da Zariya da Sakkwato, ya kamata su ɗora wa ɗalibi sharaɗin miƙa hirarrakinsa da shaidarsu ga ɗakin karatu tare da kundinsa. Asusun TETFund, wanda ke ba malamai kuɗin bincike, ya tsananta tambayar inda za a ajiye abin da aka tara da kuɗin jama'a.

Fadar Sarkin Hausawan Agege da sauran sarakunan zango na Ikko su ma suna da rawar takawa. A buɗe littafi guda da kowane mai bincike zai rubuta sunansa da makarantarsa da abin da ya zo nema, a kuma gindaya masa sharaɗi ɗaya tak, wato ya dawo da kwafin abin da ya ɗauka. A nemi Gidan Arewa na Kaduna, wanda aka kafa a 1970, da hukumar adana takardu ta Jihar Ikko, su riƙe kwafi na biyu da na uku. Hanyar taimako ma a buɗe take. Tun 2004 Ɗakin Karatun Birtaniya yake da shirin ba da kuɗin ɗaukar hoton takardun da ke cikin haɗari, bisa sharaɗin asalinsu ya zauna a ƙasarsu. Jami'ar Boston ma, tare da Dakta Mustapha Hashim Kurfi na Jami'ar Bayero, ta ɗauki hoton rubuce-rubucen ajamin Hausa ta adana.

Matasan zango kuma kada su jira baƙo. Wayar da ke hannunsu ta fi rikodar 1975 kyau nesa ba kusa ba. Su zauna da kakanninsu, maza da mata, domin tsofaffin matan da suka yi sana'a da adashi a cikin gida suna riƙe da rabin tarihin da ba a cika tambaya ba. Su rubuta suna da rana da wuri, su kai kwafi inda ya dace. Magada kuma, in an zo rabon gado, kada a dubi tsofaffin takardun adaka a ce tarkace ne a cinna musu wuta. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma dattawan da suka ga zamanin da goro ke cika wagunu a tashar Agege kullum raguwa suke yi. Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bar mana, amin.